Akuyar Hure a Gidan Sinawa

Hure mutuniyar Tasawa ce, amma a shekarar da wannan abu ya faru ta daɗe a Makka har ta daina tambayar alhazai ko damina ta yi kyau a gida. Da ƙafa suka zo ita da mijinta Kabo, ta Sudan, suna tafiya suna tsayawa tsinkar auduga, har Allah Ya kawo su. Da suka sauke farali sai komawa ta yi nauyi, suka samu wuri a Misfala, can saman dutse ta wajen hanyar Kudai, suka kafa ɗaki biyu na langa-langa. Kabo ya shiga ga-ruwa, garwa biyu a sanda yana hawa da su gidaje. Hure kuwa tana soya gyaɗa, tana dama fura da nonon akuyarta, tana kaiwa bakin titi.

Duk unguwa an san ta da abu ɗaya: kunne. Ba na gulma ba, a'a, na son jin yadda mutane ke faɗin abu. In Bajawe, mutumin tsibirin Jawa, ya tsaya sayen gyaɗa, sai ta riƙe ƙunshin har ya gaya mata sunan gyaɗa da yarensu. Ta iya gaisuwar Turkawa, ta iya zagin jaki da harshen Yamalawa, ta san yadda mutanen Hindu ke cewa "ya isa". Kabo kan ce mata, "Ke Hure, da kalmomi ana cin su, da kin fi kowa ƙiba a Makka."

Akuyar nan tata ja ce mai fari a goshi, sunanta Kyalla. Bayan hajjin shekarar da aka yi cikin zafi, lokacin alhazai na ta kwasar kaya suna gangarawa Jidda, Kyalla tana da tsohon ciki, ta tsinke igiya ta fita. Awakin Makka dama haka suke, suna bin lunguna suna cin takarda da ɓawon kankana, la'asar ta yi kowace ta nufi gida. Kyalla ba ta dawo ba. Hure ta bi lungu-lungu tana kira, ta duba bayan mahauta gabanta na faɗuwa, ta tambayi masu saida ciyawar barsim. Shiru.

Sai maƙwabciyarta Ɗaso, wata Basakkwaciya mai wankau, ta ce mata, "Kin duba gidan nan na gindin dutse, mai shuɗiyar ƙofa? Na ji kukan 'yan awaki ciki da zan wuce. Baƙi ne, Sinawa. An ce gidansu na kusa da Harami aka rushe cikin aikin faɗaɗa masallaci, suka dawo nan."

Hure ta gangara. Ta yi sallama, aka amsa mata da wata siririyar murya, sallama cikakkiya sai dai harafin ya ɗan lanƙwasa. Ta tura ƙofa. Ga Kyalla ɗaure ƙarƙashin rumfar tabarma, cikinta ya sace, ɗan akuya guda yana tsotso. Gefe kuma ga wata 'yar tsohuwa kan kujerar katako, farin lulluɓi ya zagaye fuskarta, baƙin wando, ƙafafunta ƙanana ƙwarai kamar na yarinya cikin wani takalmin ƙyalle. A cinyarta akwai ɗan akuya na biyu, tana tsoma tsumma cikin nono tana matsa masa a baki.

Hure ta ce da Larabcin gari, tana nuna Kyalla, "Ya Hajja, hadi haggati."

Tsohuwa ta dube ta kawai. Larabcin bai shiga ba.

Hure ta dafa ƙirji ta ce da Hausa, "Tawa ce. Akuyata ce."

Fuskar tsohuwa ta washe. Ta ɗaga haɓa, don hannayenta duka suna riƙe da ɗan akuya, ta ce, "Ni de? Ni de!"

Hure ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ni dai! Wato matar nan ba ta jin Larabci, amma ta tsinci Hausar da za ta ƙwace abin mutane da ita.

"Ke dai? Ke dai me, Hajja?"

"Ni de, ni de," in ji tsohuwa, tana gyaɗa kai, tana murmushi har idanunta sun rufe.

Hure ta nufi igiya za ta kwance. Nan fa tsohuwa ta ajiye ɗan akuya, ta miƙe tana dogara bango, ta zo ta riƙe igiyar, tana nuna bayan Kyalla, tana nuna hawan dutse, tana zuba magana kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Hure ta ga in ta ja, tsohuwar za ta faɗi. In ta faɗi ta yi kuwwa, sai askar, 'yan sandan gari. Ta saki igiyar, ta fita ba sallama.

Da Kabo ya dawo cin abincin rana ta gaya masa. Ta ce a je wurin umda, mai unguwa. Kabo ya ajiye sandarsa, ya murza kafaɗa inda ta yi kanta, ya ce, "Hure, in muka tsaya gaban umda, kafin ya tambayi akuya igama zai tambaya, takardar zama. Kina da ita? Ni ba ni da ita. A bar wa Allah."

Abin ya yi mata ciwo. Akuyar nan da guminta ta same ta, duk Misfala shaida ce, amma ba wurin da za ta tsaya ta ce tawa ce ba tare da tsoro ba. Ta wuni tana soya gyaɗa tana ƙona ta.

Sai dai wani abu ya riƙa yi mata susa a rai, ya ma fi fushin ƙarfi. Ta ga masu cin amana iri-iri tun daga hanya, ba ta taɓa ganin wanda ya yi irin wannan murmushi ba. Kuma yadda tsohuwar ta faɗi kalmar: ta farko muryar ta hau sama kamar mai tambaya, ta biyu ta sauko kamar wanda aka sauke wa kaya. Wa ke tambayar kansa "ni dai?" sannan ya yi murna? Ta riƙa maimaitawa a bakinta, ni de, ni de, har Kabo ya ce, "Ke dai me kuma?"

Washegari da hantsi ta ɗauki ƙwaryar fura da ludayinta za ta bakin titi. Hanyar ba ta shuɗiyar ƙofa ba ce, amma ƙafarta ta bi can. Ƙofar a buɗe. Tsohuwa ta hango ta, ta yafito ta da hannu, tafin yana kallon ƙasa. Hure ta shiga a ɗarare. Tsohuwa ta ɗauko wani farin kwanon tangaran mai shuɗin zane, cike da nono sabon tatsa, an rufe da ƙyalle. Ta sa shi a hannun Hure, ta danna yatsunta a kai don ta riƙe da kyau, ta ce, "Ni de."

Hure ta dubi nono, ta dubi tsohuwa. Wannan wace irin "ni dai" ce, da ake faɗi ana miƙawa?

Ta ce a ranta, bari in gwada ta. Ta ajiye kwanon, ta zaro ludayinta daga cikin ƙwarya. Ludayin duma ne, tun daga Tasawa ta zo da shi, ya yi ja don daɗewa, an yi masa zanen wuta a mariƙi. Ta ɗaga shi gaban tsohuwa, ta ƙwanƙwasa shi da yatsa, ta ce da ƙarfi yadda za a san mai shi, "Ni de!"

Idanun tsohuwa suka buɗe. Ta goge hannu a riga, ta sa hannu biyu ta karɓi ludayin, ta rusuna kaɗan, tana cewa, "Shiye shiye, shiye shiye." Ta juya shi, ta shafa zanen, ta shinshina. Sannan ta taka da 'yan ƙafafunta ta shige ɗaki da shi, ta fito hannu wofi tana fara'a.

Hure ta tsaya baki buɗe. Jiya akuya, yau ludayi.

Ta ɗauki ƙwaryarta da kwanon nono ta fita. Ta biya ta ari cokalin ƙarfe wurin Ɗaso, ta zauna bakin titi tana dama fura da shi, yana ta ƙarar kankare ƙwarya. Motocin alhazai na ƙarshe suna wucewa da kaya ɗaure a sama. Tana ta juya abin. An ba ta nono an ce ni de. Ta ɗaga ludayi ta ce ni de, aka karɓa aka yi godiya. Jiya ta ce akuyata ce, aka ce ni de, aka yi murna.

Cokalin ya tsaya a hannunta. Sai dariya ta kuɓuce mata, irin wadda ke sa hawaye, har wani Bayamale da ya tsaya sayen gyaɗa ya ja da baya yana tambayar ko lafiya, "Esh fi, ya Hajja?"

"Mafi, mafi, ba komai," ta ce tana share ido. Ashe "ni" ɗinsu ita ce "ke". Tun jiya baiwar Allah take ce mata taki ce, taki ce, ita kuwa ta fita tana huci. Yau kuma da bakinta ta yi kyautar ludayin Tasawa.

Ba ta jira fura ta ƙare ba. Ta koma, ta durƙusa gaban tsohuwa, ta taɓa takalmin ƙyallen nan ta ce, "Ni de?"

Tsohuwa ta gyaɗa kai, ta ɗora yatsa kan hancinta, ta ce, "Wo de."

Hure ta nuna Kyalla, ita ma ta ɗora yatsa kan nata hancin, ta ce a hankali, "Wo de?"

Tsohuwa ta tafa hannu kamar wadda ɗanta ya fara tafiya. "Ni de! Ni de!" Ta ja Hure zuwa wurin akuyar, ta ɗaga wutsiyarta ta nuna mata. Haihuwar ta zo da wuya, Kyalla ta ji jiki, an wanke wurin an shafa wani magani mai warin kafur. Da Hure ta ja ta hawan dutsen nan jiya, da ƙila ba ta kai ba. Kunya ta rufe Hure. Ta kama hannun tsohuwa ta ce, "Ki yafe ni, Hajja. Samahini." Tsohuwa ba ta ji ko ɗaya ba, amma ta bubbuga mata hannu.

Hure ta ga kuma kamar tsohuwa ta fara zargin yadda aka yi da ludayi, don ta shiga ta fito da shi tana miƙowa da fuskar tambaya. Hure ta dube shi, ranta na so. Amma ta tura hannun baya ta ce, "Ni de." Wannan karon ta san abin da ta faɗa.

Tun daga ranar, Hure ta mai da shuɗiyar ƙofa hanyarta. Ta bar Kyalla can ta warke. Kullum ta zo da ciyawa, ta tatsi nono, sannan su zauna su biyu a inuwar tabarma suna nune-nune. Sunan tsohuwa Hajara, ko da yake yadda take faɗinsa sai da Hure ta ji sau da yawa kafin ta gane. Ita kuwa tana kiran Hure "Hulai".

Da Kabo ya kawo ruwa gidan, tsohuwa ta nuna garwarsa ta ce, "Ta de." Hure ta ce, "A'a, Hajja, namiji ne, ba ta ba ce." Aka yi ta gwaji har ta gane su Sinawa "ta" ɗaya gare su, mace da namiji. Ta tsokani Kabo da wannan har ya gaji. Ta koyi "shei de", wato na wa ne, ta riƙa bin tsakar gida tana tambaya: buta, tsintsiya, gwangwanayen da tsohuwa ta shuka wani ganye mai warin tafarnuwa a ciki, tana ba shi ruwan alwala. Wata rana tantabarun Harami suka sauka kan katanga suna jiran tsaba. Hure ta nuna su ta ce, "Shei de?" Hajara ta ɗaga yatsa sama ta ce, "Janju de." Hure ta ce, "Allah?" Ta ce, "Allahu." Hure ta ajiye wannan suna a ranta da ladabi.

Akwai kuma "yo", akwai "mei yo". In Hajara ta buɗe tulu da ruwa ciki, sai ta ce yo. In ta kife kwano ta girgiza, mei yo. Wannan ya ba Hure mamaki ƙwarai. Ta ce wa Ɗaso, "Kin ji mutanen nan? Mu in muka ce mai, abu gare shi: mai gida, mai ruwa, mai akuya. Su in suka ce mei, babu ke nan. Komai nasu a juye yake."

Ɗaso ta ce, "Ke dai ki kula kar ki sake kyautar da zanenki."

Ana haka ɗan tsohuwa ya dawo. Sunansa Abubakar, dattijo ne mai 'yar furfura a gemu, tafinta ne wurin wani muɗawwifi, mai yi wa alhazai jagora, ya raka alhazansa Jidda ne ya jira jirginsu. Larabcinsa ya fi na Hure nesa ba kusa ba. Da uwar ta zayyana masa labari, tana kwaikwayon fuskar Hure ranar farko, ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya kira ta inna da Larabci, ya ce, "Ya hala, ki yi haƙuri. Akuyar ta zo ta kwanta a ƙofarmu tana naƙuda. Mahaifiyata ba ta iya hawan dutse, tun tana yarinya aka ɗaure mata ƙafa, al'adar da ce a can. Ta zauna tana jiran mai ita, tana tsoron kar a ce ta yi sata a garin Allah."

Ranar da Kyalla ta murmure, Hure ta zo tafiya da ita. Hajara ta kwance igiyar da kanta, ta ɗora a tafin Hure, ta faɗi wasu kalmomi huɗu a jere, kowace da nata tashi da sauka: "Wu gwei yuwan ju."

"Me ta ce?"

"Haka muke faɗa in abin da ya ɓata ya koma," in ji Abubakar. "Abu, ya koma, asali, mai shi. Abu ya koma ga mai shi na asali."

Hure ta maimaita. Uwa da ɗa suka dubi juna suka danne dariya, don ta hau inda ake sauka. Ta sake, ta sake, har Hajara ta ce ya isa da hannu.

Sai dai ba duka aka tafi da su ba. Ɗan akuya na biyu Kyalla ta ƙi shi tun ranar farko, in ya matso sai ta tunkuɗe shi. Tsumman Hajara ya sani, bayanta yake bi, yana cin gefen wandonta. Hure ta ɗauke shi ta ɗora mata a cinya ta ce, "Ni de."

Hajara ta girgiza kai. Ta zana da'ira da yatsa, ta zagaye kanta, ta zagaye Hure, ta ce, "Zamman de."

Hure ta juya wurin Abubakar.

"Namu ne," ya ce.

"To ai jiya da ta nuna ɗakinku ta ce woman de, ka ce mini namu ke nan."

Abubakar ya sosa gemu. "Duka namu ne, amma ba ɗaya ba. In na ce miki woman de, namu ne mu, ban da ke. In na ce zamman de, namu ne har da ke da nake gaya wa."

Hure ta zauna kan dutsen wanki, igiyar Kyalla a hannu. Namu iri biyu! Ta tuna wani mai shago da ya taɓa ce mata "baladna", ƙasarmu, yana murmushi, ta dawo gida ba ta san ko ya sa ta ciki ko ya fitar da ita ba. Da a bakin Sinawa ne, da ta sani nan take. Ta ce, "Da Hausa na da wannan, da an huta da rigima." Sai ta ƙara da cewa, "Ko kuwa da ta ƙaru."

Abin da ya fi ɗaure mata kai daga baya ya zo. Kunnenta ya kama cewa in Hajara na maganar kwano ko lulluɓi, "de" ɗin nan ba ya faɗuwa: wo de kaza, wo de kaza. Amma in ta nuna Abubakar sai ta ce "wo arza", wato ɗana, ba de. Hure ta zaci mantuwar tsufa ce. Ta kasa kunne kwana da kwanaki, ta ga ba ta taɓa kuskurewa ba. Shi ma Abubakar in zai ce mahaifiyata, "wo ma" yake cewa.

Ta tare shi wata la'asar yana shan shayi. "Malam Abubakar, ina de ɗin yake zuwa in an zo kan uwa da ɗa?"

Abubakar ya ajiye shayin. Ya faɗi kalmomin a hankali shi kaɗai. "Wallahi, ya hala, ban taɓa lura ba. Ana iya sa shi, ba laifi ba ne, amma ba mu cika sawa ba. Uwa, uba, ɗa, gida." Ya juya ya tambayi uwar.

Hajara ba ta yi dogon bayani ba. Ta ɗauki kwano ta riƙe shi nesa da jikinta, ta sa yatsa ɗaya tsakanin ƙirjinta da kwanon, ta ce, "De." Ta ajiye. Sannan ta kamo hannun ɗanta, ƙaton dattijo da shi, ta matse a haƙarƙarinta, ta nuna wa Hure ba wurin da yatsa zai shiga.

Hure ta gyaɗa kai. Ta ce, "Gida fa? Ya kuke cewa?"

"Jiya," in ji Abubakar. "Gidanmu kuma, wo jiya."

Hure ta yi dariya, don jiya ai ta wuce. Ta gaya wa Abubakar abin da kalmar ke nufi da Hausa, ya fassara wa uwar. Hajara ba ta yi dariya ba. Ta nuna gabas, ta yi magana mai ɗan tsawo. Abubakar ya ce garinsu bakin wani babban kogi yake, ruwansa launin ƙasa, ana haye shi kan salkunan fatar tumaki da aka hura. Suna da gida mai itacen goro irin nasu a tsakiya. Yaƙi ya taso su, suka bi ta Hindu suka zo nan.

Hure ta tambaye ta kai tsaye, da 'yan kalmomin da ta tara, "Jiya, yo?"

"Mei yo," in ji Hajara. Ta kife tafin hannu. Can kuma ta sake nuna gabas ta ce, "Wo jiya."

Hure ba ta ƙara tambaya ba ran nan. Ta hau dutse tana tunanin gidansu na Tasawa, wanda 'ya'yan wanta ke ciki yanzu, waɗanda ba su san fuskarta ba, amma har gobe in ta buɗe baki gidanmu take cewa.

Zafi ya ƙara tsananta, irin na Makka da ke sa langa-langa ya yi ƙara da rana. Hajara ta fara rama. Wata azahar Hure ta same ta zaune jikin tulu, idanu sun yi ciki, ba ta iya ko ɗaga hannu. Ta jiƙa mata lulluɓi, ta ba ta fura tsararo a hankali, ta aika Ɗaso ta nemo Abubakar. Ya zo ya ga uwar, ya ce ba za ta ƙara wata bazara a nan ba. Suna da dangi a Ɗa'if, can kan tudu inda iska ke da sanyi, Sinawa da yawa sun zauna can.

Ranar tafiya aka kawo wata 'yar motar kaya. Kabo ya taimaka aka loda. Hajara ta zauna gaba, ɗan akuya a cinyarta, ya girma har ƙahonsa ya fara tsiro, direba yana ta gunaguni. Ta bar wa Hure gwangwanayen ganyenta. Suka riƙe hannun juna ta tagar mota, kowace tana magana da harshenta, ba wadda ta nemi tafinta. Mota ta tashi, Hure ta tsaya har ƙura ta kwanta.

Lokacin inabi, Abubakar ya sauko Makka wani aiki, ya hau dutse har ƙofar Hure da kwando a hannu. Ta shimfiɗa masa tabarma a inuwa, Kabo ya zo suka gaisa. Ya ce mahaifiyarsa ta samu sauƙi, tana cin abinci, tana zama waje da yamma, ɗan akuya ya zama bunsuru ya addabi maƙwabta.

"Kuma ta aiko ni da tambaya," ya ce. "Ta ce kar in dawo ba amsa. Ta ce ta daɗe tana jin ki. In kin taɓa zanenki sai ki ce nawa. In kin taɓa tukunya sai ki ce tawa. Ta ce ta gane akuya mace ce, to tukunya fa? Wa ya duba ya ga mace ce? Kuma me ya sa zane, da mata ke ɗaurawa, ya zama namiji?"

Hure ta taɓa zanenta, ta waiga wajen tukunya. Ta dubi Kabo.

Kabo ya ce, "Haka muka tarar."

"Wannan ba amsa ba ce, Malam," in ji Hure. Ta tashi ta shiga ɗaki. Suna jin ta daga waje tana taɓa kaya ɗaya-ɗaya. "Turmi nawa. Taɓarya tawa. Faifai nawa. Tabarma tawa. Ƙwarya tawa." Ta leƙo da murna. "Na kama shi! Duk wanda ya ƙare da a, mace ce."

Kabo ya tsinki inabi ya jefa a baki. Ya ce, "Gida fa? Ruwa fa? Wata fa?"

Hure ta tsaya a bakin ƙofa, faifai a hannu. Gida nawa. Ruwa nawa. Ta ja tsaki, ta koma ciki.

Abubakar ya jira har aka kira la'asar. Da zai tafi ta fito da ƙunshin gyaɗa soyayya ta ba shi, ta ce, "Ka gaida Hajja. Ka ce mata na samo rabi, rabi ya gagare ni. Akwai wani malami Bakatsine a Jarwal, gobe zan je in tambaye shi. In shi ma bai sani ba, ta sauko lokacin sanyi mu duba tare."